Allurar da Ke Rawa da Muryar Matuƙi

A gefen titin da ya ratsa Matameye ya miƙe kudu zuwa Dan Barto da Daura, akwai rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo inda nakan tsaya in sha inuwa. Har yau a kan gawayi yake ɗora ƙarfen dalmarsa idan an ɗauke wuta. Wata la'asar yana gwada amfilifayar wani masallaci, ya ɗaura mata lasifika, sai muka ji ta fara dit-dit-dit, dirrr, alhali ba wanda ya taɓa ta. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ɗana, ciro wayarka, kira na shigowa." Kafin hannuna ya kai aljihu ta fara ƙara. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?" Ya nuna wayar makirufo da ta kanannaɗe a ƙafar tebur, ya ce, "Wannan ta riga ka jin kiran."

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramar wayar hannu mai layin GSM tana aika saƙonta gutsure-gutsure, kimanin sau 217 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wata doguwar waya da ke kusa tana kwasar wani abu daga ciki, ta kai shi inda ba a aike ta ba. Mu nan mun daɗe da sanin irin wannan katsalandan. Ɗan kabu-kabu ya wuce ana sauraren labarai a gajeren zango, rediyo ya yi tas-tas-tas daidai da bugun bujin babur. A kunna wani ƙwan sola mai araha, tashar da ake ji rangadau ta nutse cikin shuu. Iyakar ɓarnar a gida ita ce a rasa kanun labarai. Amma wannan abin da ke sa lasifikar masallaci magana ita kaɗai, shi ne kuma ke sa agogunan jirgin sama ƙirar gida su yi wa matuƙi ƙarya.

Masu haɗa ƙananan jirage da hannunsu sun san alamar sarai. Mutum ya gama aikin shekaru, ya tayar da inji, komai lafiya. Sai ya danna maɓallin magana don ya kira hasumiyar filin jirgi, nan take allurar zafin man inji ta yi tsalle, agogon caji ya nuna batir na zuba, agogon fetur ya ce tanki ya ƙaru ko ya ragu. Ya saki maɓalli, kowace allura ta koma mazauninta. Wani lokaci ma allurar takan riƙa rawa daidai da hawa da saukar muryarsa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Matameye da wannan. Ni ina ganin da ruwanmu. Yaran da ke ƙera jirgin kara da gwangwanin madara a ƙofar gidajenmu ba duka suke dainawa ba idan sun girma. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata 8 da injin Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota da tarkacen ƙarafa. Rahotannin lokacin sun ce yakan ɗaga sama kimanin mita 2, kuma wani ɓangare na kuɗin aikin daga gyaran wayoyi da kwamfutoci ya samo shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne gaskiyar da ya faɗa da bakinsa, cewa jirgin ba shi da na'urorin auna tsawon tashi da nauyin iska. Ya gane inda giɓin yake. A mita 2 idon mutum ya ishe shi. Daga ranar da irin wannan jirgi ya haura mita 300, rayuwar mai shi ta koma hannun allurai, kuma daga ranar ne wannan magana ta zama tasa.

Akwai kuma misalin da ya fi wannan girma a ƙasar Hausa. Jirgin koyon tuƙi da ake kira Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa wa sojojin saman Najeriya a Kaduna, asalinsa RV-6A ne, ƙirar Richard VanGrunsven na jihar Oregon a Amurka, jirgin da ake sayar da sassansa a akwati don mutum ya haɗa a garejin gidansa. Na farko ya tashi a 1989, aka kuma yi odar guda 60. Wato jirgin ƙirar gida ya riga ya horar da matuƙa a sararin Kaduna. Sana'ar kanta tsohuwa ce. A Faransa, Henri Mignet ya tashi da ɗan jirginsa na katako da ƙyalle, Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama, a 1933, littafinsa na 1934 ya sa ɗaruruwan mutane suka shiga sassaƙa nasu. Waɗancan jirage ba su san katsalandan ba, don kusan babu lantarki a cikinsu. Matsalar ta zo ne da ci gaba, lokacin da aka cire agogunan da ke aiki da bututu da sifirin, aka maye su da na lantarki masu arha da sauƙin nauyi da kaifin ji.

Kaifin jin nan shi ne tushen maganar. Ɗauki ma'aunin zafin hayaƙin inji. Ƙarfe biyu ne mabambanta aka haɗa bakinsu aka cusa a salansa, idan bakin ya yi zafi sai ya haifar da ɗan lantarki. Nau'in da aka fi amfani da shi yana ba da kimanin kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya a kan kowane digiri. A zafin digiri 700, abin da ke isa agogo bai kai kashi 3 cikin 100 na bolt ba. Batirin tocila guda ya ninka shi kusan sau 50. Kuskuren kashi 1 cikin 1000 na bolt kaɗai ya isa ya karkatar da allura da kusan digiri 25. To, a bayan allon agogunan dai, tazarar taki ɗaya ko biyu, ga rediyon jirgi yana tura wat 10 zuwa eriya, abin da ya haura bolt 20 a cikin wayarsa. Raɗa ce ake son a ji a gefen mai buga ganga. Ba sai ganga ta fashe ba. Ɗan abin da ya tsiyaya ya wadatar.

Ta ina yake tsiyaya? Rediyon jiragen sama yana magana tsakanin megahaz 118 da 137. A nan tsawon zango ɗaya kimanin mita 2 da rabi ne, rubu'insa kuwa wajen santimita 60, kuma wannan ne tsawon eriyar da ake dasawa a bayan jirgi. Abin takaicin shi ne wayoyin da ke tasowa daga inji zuwa allon agoguna su ma tsawonsu bai yi nisa da haka ba. Mai jirgi yana ganin ya dasa eriya ɗaya, ashe ya shimfiɗa goma sha. Da a ce igiyar rediyon za ta shiga ta fita yadda ta zo, da ba ta motsa allura ba, don tana kai da komo sau miliyoyi a daƙiƙa, allura ba ta iya binta. Sai dai a ƙofar kowane agogon lantarki akwai diyod ko tiransisto, kuma ɗabi'arsu ce su bar lantarki ya wuce ta gefe guda su tare ɗayan. Sai su mayar da kai-komon ya zama turi mai fuska ɗaya, agogo kuma ya ɗauka saƙon inji ne. Da yake rediyon jirgi na AM ne, ƙarfin igiyar na hawa da sauka da murya, shi ya sa allura ke rawa da maganar matuƙi. Agogon ya zama ƙaramin rediyo ba tare da an so ba, kamar amfilifayar Baba.

Mafi yawan lokuta laifin yana wajen eriya. Sandar santimita 60 ɗin nan rabin eriya ce. Sauran rabin shi ne faffaɗan ƙarfen da aka dasa ta a kai. A jirgi irin Air Beetle, mai jikin alminiyom, jikin ne ke wannan aiki, ya kuma zama garkuwa tsakanin eriyar da ke waje da wayoyin da ke ciki, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya nuna tun 1836. Amma wanda zai ƙera jirgi a nan, da wuya ya samu falankin alminiyom na jirgi. Katako zai nema, da bututun ƙarfe, da ƙyalle, ko faiba. Igiyar rediyo na ratsa waɗannan kamar babu su. Idan bai shimfiɗa faranti ko tsirkiyoyin jan ƙarfe a gindin eriyar ba, kowanne aƙalla tsawon sandar, ƙarfin da ya kamata ya fita sararin sama sai ya juyo, ya biyo bayan sulken wayar eriya, ya shigo ɗakin matuƙi. Haka ma idan kan wayar bai kamu da kyau ba, ko an yi amfani da wayar dish. Wannan kuskure yana da sauƙin yi a wajenmu, don wayar dish ce ke ko'ina kuma kamarsu ɗaya a ido, alhali ita ta om 75 ce, rediyon jirgi kuwa ta om 50 yake so.

Akwai kuma wata cutar mai kama da wannan wadda ba ta igiyar rediyo ba ce sam, kuma duk mai gyaran wutar mota ya san ta: rashin mas mai kyau, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira at. Wanda ya taɓa ganin mota ta taka birki sigina ya kama, ya ga irinta. Rediyo na jan amfiya 2 ko 3 lokacin magana. Idan wayar mas ɗinsa ɗaya ce da ta agoguna, kuma mahaɗar ta yi tsatsa ko fenti ya shiga tsakani, sai ɗan bolt ya taru a wurin, agoguna su lissafa shi cikin awonsu. Ana gane ta da sauƙi: kunna fitilar sauka ko wani abu mai jan wuta sosai. Idan allura ta motsa kamar yadda take yi da rediyo, to a bar eriya ta huta, a bi mas.

Na ji ana cewa abin bai kai a damu ba, tunda allurar na komawa daidai da an saki maɓalli. Wannan magana ce ta fi tayar mini da hankali a duk lamarin. Tsallen allura na daƙiƙa 5 ba ya kayar da jirgi. Abin da ke kayar da shi shi ne tarbiyyar da tsallen ke yi wa matuƙi. Mutumin da ya ga jar fitila ta kama sau 100 ba tare da dalili ba, zuciyarsa ta riga ta koyi cewa agogon nan maƙaryaci ne. Ranar da mai ya fara zuba da gaske, zai kalle shi da idon jiya. Kuma a duba lokacin da matuƙi ya fi magana a rediyo: lokacin tashi da lokacin sauka, daidai sa'ad da inji ke kan iyakar ƙarfinsa ko ƙasa ta matso. A Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40 a inuwa. Iska ta yi sako-sako, fiffike bai samu abin riƙo sosai ba, inji na aiki da yawa yana samun sanyi kaɗan. Tazarar da ke tsakanin zafin da inji ke jurewa da wanda zai ƙona shi ta ƙanƙance, kuskuren digiri 25 ya ishi mutum ya yanke shawarar da ba ta dace ba. Ko dai ya ci gaba da hawa da injin da ke dahuwa, ko ya firgita ya sauka cikin gonar rake da inji lafiyayye.

Manyan ƙasashe ma da tsada suka koyi darasin. A 1984 wani jirgin yaƙin Jamus samfurin Tornado ya faɗi kusa da Holzkirchen, daura da wata babbar tashar watsa shirye-shirye ta Radio Free Europe, mutum biyun da ke ciki suka rasu, aka kuma danganta haɗarin da ƙarfin igiyar tashar a kan na'urorin sarrafa jirgin. A Janairun 2022 wasu kamfanonin jirage sun soke tafiye-tafiye zuwa Amurka saboda fargabar sabon layin 5G, mai aiki daga gigahaz 3.7 zuwa 3.98, zai rikita na'urar auna tazarar jirgi da ƙasa da ke tsakanin 4.2 da 4.4. Na'urar da za a sa a jirgin fasinja sai ta wuce jarrabawar da ake kira DO-160, wadda aka fara fitarwa a 1975, inda ake yi mata ruwan igiyoyin rediyo a ga ko za ta rikice. Agogon da mai ƙirar gida ya saya a intanet ko ya ciro daga tsohuwar mota bai ga wannan jarrabawa ba. Mai jirgin ne ɗakin gwajinsa.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar dukiya, haƙuri yake so. A ƙasa ake yinsa, an ɗaure jirgi, mutum biyu, ɗaya na danna maɓalli ɗaya na rubuta abin da kowace allura ta nuna kafin dannawa da lokacin dannawa, a farkon zangon da tsakiyarsa da ƙarshensa, don wata matsalar a mita guda kaɗai take fitowa. Sai a cire eriya a ɗaura abin da ke shanye ƙarfin ba tare da ya watsa shi ba, wato jakin gwaji na om 50. Idan allurai sun natsu, laifin na eriya ne da gindinta; a auna yawan ƙarfin da ke dawowa, a gyara har ma'aunin ya sauka ƙasa da 2 bisa 1. Idan ba su natsu ba, ɓarnar na cikin gida. A raba wayar eriya da damin wayoyin agoguna, inda dole su haɗu su gitta juna kada su jeru. Wayoyin awo a murɗe su biyu-biyu kamar tufkar igiya, don abin da ɗaya ta kwasa ɗayar ta soke shi. Duk mas a tara shi wuri guda, a kuma ɗaure inji da wurin da kakkaurar waya. Bayan wannan ne ake zuwa ga ƙananan magunguna: ɗan kondansa a bakin agogo, ko baƙin zoben ferit, irin ƙullutun nan da ke jikin wayar cajar kwamfuta. Mutane kan fara da zoben don shi ne mai sauƙi, su jera biyar ko shida, alhali eriyar na nan ba gindi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a sake gwadawa, a rubuta.

Hanyar kuma biyu ce, don jirgin ma na damun rediyonsa. Buji marar rezisto, da kukan altaneta, da cajar waya mai araha da aka soka a allo, kowanne na iya toshe kunnen matuƙi daga jin hasumiya. GPS na sauraren tauraron ɗan'adam a megahaz 1575.42, kuma idan ka ninka 121.175 sau 13 za ka faɗa kusan a kansa, shi ya sa ake gwada magana a wannan mita ana kallon ko GPS zai ɓace. Kamfas kuwa ko waya mai ɗauke da wuta ta wuce kusa da shi sai ya karkata, don haka ake juya jirgi fuska 12, digiri 30 tsakanin kowace, rediyo na kunne, a rubuta karkatar a manna a gabansa. Mu kuma muna da ƙarin namu. A hunturu, wanda ya tuɓe rigar leda cikin duhu ya ga tartsatsi; jirgin da ke keta ƙurar nan haka yake tara caji a jikinsa, idan sassan ƙarfensa ba a haɗe suke da waya ba sai cajin ya riƙa tsalle tsakaninsu, rediyo ya cika da ƙara. Sannan gidajen rediyon FM, waɗanda suka yawaita a garuruwan Nijar tun daga ƙarshen shekarun 1990, zangonsu na ƙarewa a 108, ba nisa da inda na maganar jiragen sama ya fara. Tashoshi biyu masu ƙarfi na iya cakuɗuwa a cikin rediyo marar kyau su haifi ta uku: ninka 107 sau 2 ka cire 95, ka samu 119, cikin zangon hasumiya.

Ba a taɓa wannan zango da wasa. A Nijar, mitocin na hannun hukumar ARCEP, rajistar jirgi da izinin tashi na hannun hukumar ANAC, sararin sama kuma hukumar ASECNA ke kula da shi, ciki har da na filin jirgin Zinder, wato Damagaram, da ke sama da kilomita 80 daga nan. Mita 121.5 ta neman agaji ce a duk duniya, ba a gwaji a kanta. A Amurka, inda ƙungiyar EAA ke tara masu wannan sana'a tun 1953, sabon jirgin ƙirar gida yakan yi awa 25 ko 40 yana gwaji a keɓaɓɓen wuri kafin ya ɗauki fasinja, duk da haka hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa a 2011 irin waɗannan jirage, da ba su wuce kashi 10 cikin 100 na ƙananan jirage ba, su ne ke da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Muna da makarantu kusa, EAMAC a Yamai da kwalejin NCAT ta Zariya da aka kafa a 1964. Abin da nake fata shi ne saurayin da ya fara walda firam a bayan gida ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a waɗannan wurare tun kafin ya ja wayar farko, ya kuma zauna a rumfa irin ta Baba. Masu gyaran rediyo na ƙarewa, yaransu sun koma canza gilashin waya, kuma su ne mutanen da suka shekara 40 suna bin sawun ƙara har su kamo inda ta shigo.

A amfilifayar masallacin nan, Baba ya buɗe kan wayar makirufo ya tarar sulken ya tsinke daga mahaɗarsa, saura zare biyu. Da zai canza ta, ya ɗauko sabuwar waya daga cikin wadda aka kawo masa daga kasuwa, ya fere bakinta, ya kankare zaren da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe; ba ya kama dalma da kyau, kuma girgiza kaɗan ke karya shi a gindin mahaɗa. Ya kunna ashana ya kara, zaren ya lanƙwashe ya zube. Ya ajiye ta gefe, ya jawo wani tsohon rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya warware wayar da ke cikinsa, ya kankare ta ita ma, ta fito ja har ciki, sannan ya mayar da ƙarfen dalma kan gawayi.